Ƙaron Dakwara a Kwalaben Dokta Sali

Dokta Sali ya kore ni daga aiki da takarda mai hatimi, ya rubuta a ciki cewa na zuba asiri a kwalaben bincike. Bayan wata bakwai ya tsaya gaban manya a Maruwa ya ce abin da na zuba ɗin shi ya ƙirƙiro shi. Abin da aka yi mini ke nan a ƙasar Kamaru, kuma da shi na fara don kada wani ya ɗauka labarin yawon buɗe ido zan ba shi.

Sunana Habu. Bokona aji uku ne na sakandare, sai allo da na yi a gaban mahaifina har na sauke. Shekara goma sha ɗaya ina wanke kwalabe ina haɗa ruwan gwaji a wata kwaleji a Maiduguri. A can na san Sali, yana ɗalibi ɗan Kamaru, bai ma iya riƙe pipet ba, wato bututun da muke ɗiban ɗigon ruwa da shi. Ni na koya masa riƙewa. Da rikici ya rufe mana wurin aiki na yi shekara biyu a zaune, sai ga wayarsa. Ya zama Dokta, ya buɗe labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, a Garwa, Turawa sun ba shi tallafi, yana neman hannu irin nawa.

"Baba Habu, ka taho kawai. Komai a wuyana yake."

A Mora na fara gane cewa komai ɗin nasa gajere ne. Ya ce mota za ta jira ni. Kwana uku ba mota, wayarsa kuma sai ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Ɗan Najeriya mai jaka a Mora kowa ido yake zuba masa, kuma ban ga laifinsu ba, garin ya sha wuya. Sau biyu jandarma yana zazzage kayana a ƙasa. Wata tsohuwa mai kunu, Dada ake ce mata, ita ta kira ni cikin rumfarta ta ce wa jandarman da Fillanci wai ni ɗan ƙanwarta ne. Ta ba ni kunu ta ƙi karɓar komai. Da na tashi sai na koma bayan rumfa na duba kayana ɗaya bayan ɗaya, don ban yarda mutum zai yi maka haka banza ba. Ba abin da ya ɓace. Har yau in na tuna sai in ji kunya.

Abu ɗaya na saya a kasuwar Mora, ƙaro. Ni da tawada nake rubutuna, da ajami, hannuna ya fi gudu a nan. Na tsuguna gaban mai ƙaron ina tsinta ɗaya-ɗaya yadda mahaifina ya koya mini, har mutumin ya gaji ya ce, "Malam, ƙaro kake saya ko amarya kake zaɓe?"

A Maruwa ɗan moto, wato ɗan acaɓa, ya zagaya da ni shataletale ɗaya sau uku yana zaton ban gane ba. A tashar bas wani mai zaƙin baki ya tare ni da Hausa tsantsa, ya ce ya san Dokta Sali, ai gidansu ɗaya, ya karɓi jakata zai sa mini a sama. Da na sauka Garwa takalmana na Juma'a ba sa ciki. Tun daga ranar duk wanda ya riga ni gaisuwa da harshena sai in ƙara riƙe jaka.

Garwa zafi ne da ban san irinsa ba, ni da na fito daga Borno. Zafin can bushewa yake yi, na nan jiƙa ka yake, tururin kogin Binuwai ya lulluɓe ka tun hantsi. Ɗakin da Dokta ya yi mini alkawari tabarma ce a sito, tsakanin kwalaye. Kuma tun ranar farko Baba ta faɗi daga sunana, na koma Habu, in akwai baƙi ma sai ya ce "mutumin nan". Wanda ya ɗauke ni daga sito Baba Garba ne, wani dattijon mahauci da muke salla sahu ɗaya. Ya ba ni ɗaki a zauren gidansa. Na tambaye shi me zan riƙa yi masa, ya ce, "Ka daina kallona kamar zan yanka ka, shi ke nan." Matarsa tana aiko mini da tuwo da miyar yakuwa mai tsami, ina ci ina tuna burabuskon Hajara, matata, da yaran da na bari ina ce musu wata shida ne.

Aikin da muke yi, a yadda na gane shi, ga shi. DNA, wanda su suke ce wa ADN, zare ne siriri a cikin kowace ƙwayar jiki, tufka biyu kamar igiyar rama, kuma a jikinsa aka rubuta yadda sa zai zama sa, mutum ya zama mutum. In ka ɗumama shi tufkar tana warwarewa. Muna da na'ura mai ƙara zafi kaɗan-kaɗan tana zana layi, inda layin ya yi tsalle nan zaren ya saki. To a kwalba zaren shi kaɗai yake iyo cikin ruwan gishiri, sarari ta ko'ina. A cikin jiki kuwa ba haka yake ba, cunkushe yake da tarkacen wasu abubuwa, ba wurin miƙe ƙafa. Shi ya sa ake zuba wani ruwa mai kauri kamar zuma, PEG sunansa, daga Turai ake kawo shi. Aikinsa kawai ya cinye wurin, ya matse zaren, ya janye ruwan da ke kewaye da shi. Da an matse shi sai halinsa ya canza. Dogon zare ya dunƙule. Wani ya naɗe kansa ƙulli mai tufka huɗu da zafi ba ya kwance shi da wuri. Wani gajere kuma ya fi saurin saki. Abin da Dokta yake nema shi ne ko zaren da aka ciro daga jinin shanu, in an matse shi haka, zai jure zafin hanya daga daji zuwa gari ba ƙanƙara.

Ba Dokta ne ya yi mini wannan bayani ba. Asta ce, wata ɗaliba 'yar Garwa da take karatun dokta a ƙarƙashinsa, mai Hausa da karin Fillanci. Da na kwashe bayanin na kai wa Baba Garba muna shan shayi bayan la'asar, sai ya yi dariya har ya ƙware.

"Wannan ai lodin shanu ne. Motar da take ɗaukar talatin, sa mata shida ka gani, kafin Ngaundare biyu sun karye, kowane rami sai sun faɗi. Cika ta daidai, kowa ya jingina da ɗan'uwansa, su isa a tsaye. Yi haɗama ka ƙara biyar, ƙaramin ciki ya mutu. To a kan wannan ne Bature yake aiko muku da kaya?"

Na faɗa wa Asta, ta ce tsohon ya fi wasu malamanta ganewa. Ban faɗa wa Dokta ba. Na riga na lura duk maganar da ta yi masa daɗi, bayan kwana biyu sai ka ji ta a bakinsa ba mai ita.

PEG ɗin nan ba a ɗibansa da gaggawa. Ni sai in yanke bakin bututun, in ja a hankali, in auna a sikeli maimakon in yarda da ido. Dokta kuwa fizga yake yi, kumfa ta cika, rabi ya manne a bango. In layin na'ura ya karkace sai ya ce na'urar ce. In ya yi kyau, wato ranar da ni na haɗa, sai ya ɗauki hoto ya tura wa Turawa.

A wata na biyar ya tura mu Tuboro, ni da Asta da direba, mu ɗebo jinin shanu. Shi bai je ba, wai yana da taro a Yawunde. Shi da kansa ya ɗaure kwalin kayan aiki ya ce kada a buɗe sai an isa.

Kwana biyu muka yi kafin makiyayan su yarda. Arɗonsu ya zauna a inuwar mota yana kallon allurar Asta.

"Jinin nagge in ya je Garwa, wa zai riƙe shi? Me za a karanta a kansa?"

Asta ta yi ta bayani da Fillanci, shi yana girgiza kai. Ni na fahimce shi sarai, da ni ne ma ba zan bayar ba. A ƙarshe na ce ta faɗa masa ni ne mai riƙewa, kuma in wani abu ya sami shanunsa ya neme ni gidan Garba mahauci. Ya san Baba Garba, sun yi ciniki. Da sunan mahauci muka sami jinin, ba da sunan Dokta ba.

A ɗan ofishin likitan dabbobi na garin muka ciro zaren, kwalba talatin da shida. Tsarin shi ne goma sha biyu a bar su haka, sauran a zuba musu PEG. Da muka kai kan kwalbar PEG sai muka tarar ta kusa ƙarewa. Dokta ya ɗauko tsohuwar kwalba bai duba ba. Goma sha huɗu ta isa, goma suka yi saura. Asta ta kira shi har batirinta ya mutu.

Ina zaune ina kallon kwalaben nan goma, sai na tuna dalilin da ya sa ake sa ƙaro a tawada. Baƙin in ba ƙaro kwanciya yake yi a gindi, ƙaron ne yake cika ruwan ya riƙe shi. Abu mai kauri, mai haske, ba ya wari, yana cinye wuri. Na ce wa Asta, "PEG ɗin nan me yake yi wanda ƙaro ba zai yi ba?"

"Malam Habu, Dokta zai kashe mu."

"Ni zai kashe. Ke ba ki gani ba."

Sai ta ce in dai zan yi, a raba kowace kwalba biyu, rabi a bar shi haka don kada a yi asarar komai. Hakan muka yi. Na zaɓi ƙaron, na jiƙa shi, na tace da ƙyalle sau uku sannan da matatar labo, na sa kwalbar cikin ruwan zafi yadda mahaifina yake yi don kada tawada ta yi tsami, na auna a sikeli. Duk abin da na yi na rubuta shi a littafin aiki, shafi guda cur, da ajami. Faransanci ban iya ba, kuma ba wanda ya taɓa hana ni.

Motarmu ta lalace a hanyar dawowa, muka yi kwana uku, ƙanƙarar da muka taho da ita ta zama ruwan ɗumi tun ranar farko.

Mun iso ranar da Baturen tallafi ya zo duba aiki. Ya tambayi dalilin da ya sa kwalabe goma ba su da PEG. Ina kallon fuskar Dokta na ga yana neman wanda zai ɗora wa. Ya ɗaga kwalba ɗaya a haske, ya ga ruwan ya ɗan yi ɗorawa-ɗorawa, ya buɗe littafi ya ga shafina.

"Wannan mene ne, Habu? Laya?"

"Ƙaro ne, Dokta. PEG ɗin da ka ba mu..."

Bai bari na ƙarasa ba. Ya juya Faransanci yana nuna wa Baturen rubutun, Baturen ya ja da baya kamar shafin zai cije shi. Mutumin da aka haifa a Garwa, malamai na rubuta ajami a ƙofar gidansu, ya san sarai ba laya ba ce. Ya yage shafin ya jefa a kwandon da ake ƙonawa. Asta ta buɗe baki, ya kalle ta, ta rufe. Karatunta a hannunsa yake, na sani, amma na daɗe ban yafe mata ba. Mai gadin da muke cin gyaɗa tare shi aka sa ya caje jakata a ƙofa, ma'aikata na leƙe ta taga.

Takardar da ya ba ni na kai wa wani malamin makaranta ya karanta mini. Mutumin ya karanta ya dube ni ya matsar da kujerarsa. Na je labo biyu na asibitoci neman aiki, duka biyun suka kira Dokta a waya a gabana, duka biyun suka ce in tafi za a neme ni. Gida kuma ba zan koma da wannan suna ba. Direbobin garin Banki na kan iyaka sun riga ni kai labarin, har Hajara ta tambaye ni a waya, da murya ƙasa-ƙasa, wai da gaske ne na fara harkar tsibbu.

Baba Garba ya ce in bi shi kwata. Na koma wanke tumbi da hanji. Wanki dai wanki ne, sai dai tumbi ba ya fashewa in ya faɗi.

Wata bakwai ina nan sai ga Asta, ta tsaya nesa da magudanar jini ta toshe hanci da gyale. Ta nuna mini hoto a waya, Dokta da kwat a Maruwa, bayansa babban allo. Ta ce kashegarin korata ta gwada kwalaben a ɓoye. Akwai gwajin da ake yi a kan wani abu kamar daskararren kamu, zare mai lafiya ya fito layi ɗaya tsaf, wanda ya karye ya watsu kamar kunun da ya zube. Waɗanda aka bari haka sun watsu. Na ƙaron sun fito tsaf, ba su gaza na PEG ba. Dokta ya ga hoton ya karɓe. A Maruwa ya ce ya daɗe yana tunanin yadda za a yi amfani da albarkatun gida, aka tafa masa.

"To me ya kawo ki yau?" na ce. "Wata bakwai ba ki san hanyar kwata ba."

"Abin ya ƙi maimaituwa," ta ce. "Yana aika a sayo ƙaro mudu-mudu a kasuwa. Wani ya yi ja, wani ya yi gudaji, zaren ya lalace. Turawan sun ce sai sun ga an sake yi kafin su ci gaba. Yanzu ni yake cewa hannuna ne."

"Ai kin ga na yi."

"Na ga kana tsinta. Ban san me kake tsinta ba."

Ƙaron kasuwa gauraye yake. Akwai na dakwara, fari tas, dunƙule, in ka fasa shi cikinsa kamar gilashi. Akwai na dushe mai rugurgujewa, akwai na bagaruwa mai ja da bauri, wanda ko fata jeme ta yake yi balle zare. Mai tawada ya san wannan tun yana ƙarami. Duk na rubuta a shafin nan, har da yawan ruwa da tsawon ɗumamawa.

Asta ta ƙara da cewa ita kanta ba ta tabbata ba ko matsin ƙaron ne ya riƙe zaren ko gishirin da ke cikinsa, don ba wanda ya raba su ya gwada, amma Dokta ya riga ya faɗa wa duniya matsi ne. Na tambaye ta ko shi ya aiko ta ta ji bakina. Ta rantse ba shi ba ne. Ban faɗa mata komai ba duk da haka.

Bayan kwana huɗu Dokta ya zo da kansa, da hantsi, ana tsakiyar fiɗa. Farar mota, farin takalmi. Mahauta suka daina surutu. Baba Garba ya ɗago daga kan cinyar sa ya ce, "Dokta, jini kuka zo ɗiba ko nama?" Dokta ya yi yaƙe ya wuce wurina.

"Baba Habu, jam na? Lafiya dai? Ka ɓuya."

Na ci gaba da juya tumbin da ke hannuna.

Ya ce an sami rashin fahimta. Ya ce ranar nan matsi ne ya yi masa yawa, Bature a tsaye, dole ya ce wani abu. Ya ce in koma ranar Litinin, zai ba ni ɗaki na gaske, kuma in takardar binciken ta fito zai sa sunana a ƙasa, wurin da ake yi wa mutane godiya. Sannan ya rage murya ya ce, "Af, ƙaron nan, wane iri ne ma ka sa?"

Na ajiye tumbin a kwano, na wanke hannuna, na juyo na dube shi, kuma ban rage murya ba.

"Sali, amsar tana shafin da ka yage. Ka riƙe shi a hannunka, ka san ba laya ba ce, ka ƙone shi don Bature kada ya ji kai ne ka ba mu kwalbar da ta kusa ƙarewa. Ni ba godiya nake nema a gindin takarda ba. Ka je ka rubuta wata takarda da Faransancin nan naka, ka ce Habu bai ɓata komai ba, Habu ba boka ba ne, ƙaron shi ya kawo shi. Ka buga mata hatimin da ka buga wa waccan. Ka tara ma'aikatanka har da mai gadi ka karanta musu, ka tura wa Baturen, ka kira asibitocin nan biyu, sannan ka kira matata ka faɗa mata da bakinka. In ka gama ka kawo mini ita nan, in kai wa wanda na yarda da shi ya karanta mini, don kai ko ranar sati ka faɗa mini sai na tambayi wani. Kafin nan ko sunan itacen ba za ka ji a bakina ba. Yanzu matsa gefe, ka tare mana hanyar ruwa."